Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar NHRA: Su Wa Za Su Zo Tseren Lahadi?

Zuwa ga Hukumar NHRA, uwar ɗakin masu tseren mota na miƙaƙƙiyar hanya a Amurka.

Ranki ya daɗe,

'Yan kallo ne suka wakilta mai wannan takarda ya kawo miki kukansu. Sun ja masa kunne cewa ya fara da yabo, domin ba a shiga gidan babba da ƙorafi tun daga zaure.

Abin yabon kuwa akwai shi. Tun 1951 kike wannan aiki, shekarar da Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ki a Kalifoniya don ya kwashe samari daga tseren ganganci a titunan gari ya kai su fili mai ƙa'ida. A Great Bend ta jihar Kansas aka yi babbar gasarki ta farko a 1955. Yau ga inda aka kai: motocin Top Fuel biyu su jera kafaɗa da kafaɗa, fitila ta ba da kore, kafin mutum ya rufe bakin da ya buɗe sun cinye ƙafa 1,000, wato mita 305 ko kusa da haka. Motar ajin Top Fuel ana ƙiyasta ƙarfinta da na doki 11,000, gudunta kuma ya haura kilomita 530 a awa. Brittany Force ta yi wannan tafiya cikin daƙiƙa 3.623 a filin Maple Grove na jihar Pennsylvania a 2019. A duba lambobi ukun nan na bayan ɗigo. Ke hukuma ce mai raba daƙiƙa ɗaya gida dubu, in motoci biyu sun iso tare ma ki ƙara rabawa gida dubu goma har sai an san wanda ya riga. Direban da ya yi wuf kafin kore kuwa, jar fitila ta kama shi nan take, ya tattara ya koma gida, babu ɗaukaka ƙara.

Abin da ya ɗaure wa 'yan kallo kai ke nan. Mai irin wannan kaifin ido, me ya sa sai an sha wuya kafin a ji daga bakinta su wa da wa za su zo tseren mako mai zuwa?

Ga yadda suke ba da labarin. Mutum ya buɗe shafinki na intanet a wayarsa da tambaya ɗaya tak: motoci nawa suka yi rajista, kuma na su wa? Hoton mota cikin hayaƙin taya ya tarbe shi. Ya gangara, ga bidiyo. Ya ƙara gangarawa, ga wurin sayen tikiti, ga riga da hula na sayarwa. Jerin sunayen da ya zo nema kuwa yana can ƙuryar ɗaki, sai an danna nan an danna can, wani lokaci a dawo inda aka fara. In Allah ya sa an same shi, sai wata sabuwa ta taso: na yaushe ne? Na jiya ne ko na makon jiya? Wanda sunansa ke layi na tara har yanzu yana nan zuwa, ko tuni ya sanar wa mabiyansa a Facebook cewa bana ba da shi ba? Wasu sun ce sun daina wahalar da babban yatsansu, sun koma bin shafukan direbobi ɗaya bayan ɗaya suna haɗa nasu jerin da biro. Ko a tashar mota, takardar sunayen fasinja tana hannun ɗan kamasho, kowa ya tambaya a nuna masa.

Kada ki ce 'yan kallo sun cika tsegumi. Ke kika tsara wasan ta yadda wannan jeri ya zama rabin labari.

Gurbi 16 ne a kowane babban aji ranar Lahadi: Top Fuel, Funny Car, Pro Stock da na babura. Juma'a da Asabar ranakun neman gurbi ne, Lahadi kuma a yi zagaye huɗu, wanda aka kayar ya fita. In motoci 19 suka zo, uku za su koma gida tun Asabar da yamma, saboda haka duk gwajin da aka yi na a-mutu-ko-a-yi-rai ne, kuma idon kowa yana kan wanda ke maƙale a gurbi na 16 yana addu'a kada a ture shi. Babu wanda ya fi ƙarfin wannan wuƙa. John Force da kansa, mai kambun Funny Car 16, ya taɓa shan ta a Las Vegas a 2007, bayan ya samu gurbi a gasa 395 a jere ba tare da fashi ba. Irin wannan rana ce ake biyan kuɗin tikiti dominta. Amma in motoci 15 ne suka zo, kowa ya samu gurbi tun kafin a ta da inji, Juma'a da Asabar sun koma atisaye da neman 'yan maki, kuma wanda ya zo na ɗaya zai yi zagayen farko shi kaɗai a kan hanya, ba abokin karawa. Tsakanin 15 da 19 akwai wasanni biyu mabambanta da ake sayar da tikitinsu kuɗi ɗaya. Mai saye yana da haƙƙin ya san wanne zai tarar.

Kuma tafiyar ta ƙara nisa. Filin Englishtown na New Jersey ya daina tseren a 2018. Atlanta Dragway ya rufe a 2021, na Houston ya bi baya bayan gasarsa ta ƙarshe a 2022, sannan Bandimere da ke gefen dutse kusa da Denver ya yi bankwana a 2023, shekarar da Topeka ma ta fita. Wanda da yake tashi da safe ya je kallo ya kwana a gidansa, yanzu sai ya nemi hutu a wurin aiki, ya kama ɗaki a otal, ya cika tanki, ya yi yini guda a kan hanya da iyalinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranki ya daɗe. Mai niyyar zuwa Indianapolis don babbar gasar U.S. Nationals, wadda ake yi a can tun 1961 ana ƙarewa ranar Litinin ta hutun ma'aikata, tun da sauran makonni yake son ya ga sunaye kafin ya taɓa aljihu.

Mai wannan takarda ba zai ɗora miki laifin duka ba, ko da waɗanda suka aiko shi za su harare shi. Jerin masu rajista ba alkawari ba ne, niyya ce. Manyan gidaje irin na Force da na Kalitta da na Tony Stewart, wanda ya baro duniyar NASCAR ya hau Top Fuel da kansa a 2024, ba sai an duba takarda ba, an san suna nan kowane mako. Masu cika layi na 14 zuwa na 18 a jerin su ne abin dubawa: mutum da mota ɗaya, da tirela ɗaya, da 'yan uwa da abokai masu aikin sa-kai, wanda ke zaɓen gasa kaɗan a shekara gwargwadon abin da ke hannunsa. Irin wannan yakan rubuta suna da fatan wani kamfani zai tallafa, in tallafin bai zo ba ya zauna gida. Ko kuma injinsa ya tarwatse a gasar da ta gabata, kuɗin gyara ya cinye na tafiya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin igiya a rumfar makanikai ya san me ake nufi, kuma a nan ma kin ci yabo, tunda tikitinki kowane iri ne yana kai mai shi har wurin. Mota na dawowa daga gudun da bai cika daƙiƙa huɗu ba, sai mutane su rufar mata. Wannan ya cire kan inji da safar hannu saboda zafi, wancan yana kwance a ƙasa yana zare fistin, wani ya rungumi kuloci yana sauke faranti masu hayaƙi. Cikin awa guda ko ƙasa da haka an wargaza injin an mayar. Sai a ta da shi don gwaji: ma'aikata sun sa takunkumin gas, 'yan kallo kuwa sun toshe kunne, hayaƙin man naitiro na sa su hawaye da majina, amma ba mai matsawa baya, wasu ma dariya suke yi. Kowane gudu ɗaya yana cin kaya na dubban daloli. Wanda ya ga haka ba zai yi mamakin ganin suna a takarda ba mota a fili ba.

Sai dai wannan uzuri na direba ne, ba naki ba. Shi ba ya iya ba da tabbacin zuwa, amma ke kina iya faɗin abin da kika sani da lokacin da kika san shi.

Akwai kuma batun wanda ke cikin motar. Bayan mummunan hatsarin da John Force ya yi a Virginia a watan Yuni na 2024, Jack Beckman ne ya hau motarsa zuwa ƙarshen kaka, makin kuma ana rubuta wa Force bisa ƙa'idarki, har ya ƙare shekara a matsayi na biyu. Wanda ya ci kambun shekarar, Austin Prock, shi ma kujerar Robert Hight ya hau. Masu bin wasan kullum sun san wannan. Mai zuwa sau ɗaya a shekara da jikansa kuwa jeri ne kaɗai zai faɗa masa, in jerin ya ga dama.

Sunaye ma dai sun daɗe suna ba mabiyanki wahala. Gasar shekara ta yi zamani da sunan sigarin Winston daga 1975 zuwa 2001, ta koma Powerade, ta koma Full Throttle, ta koma Mello Yello, ta ɗan zauna da Camping World, tun 2024 kuma Mission Foods ke riƙe da ita. Ba wanda ya ce kada ki ci abinci, hukuma ma tana da ciki. Amma dattijon da ya san Gatornationals ta Gainesville tun 1970 yana so ya gane ta da ganin farko, ba sai ya tsallake sunan kamfani da na kayan da kamfanin ke sayarwa ba.

Masu kuka mafi zafi ba ma 'yan kallon manyan azuzuwa ba ne. Ƙananan direbobi ne da iyalansu, mutanen Stock da Super Stock da Super Comp da Super Gas, waɗanda su ne mafi yawa a kowace gasa, masu tsere da kuɗin aljihunsu a yankuna bakwai da kika raba ƙasar. Su a wurinsu jeri ba abin nishaɗi ba ne. Kowane aji yana da adadin gurbinsa a babbar gasa, ana kuma buɗe ƙofar rajista bi da bi gwargwadon makin halarta da mutum ya tara a gasannin yankinsa. Don haka makanike ko mai shagon da ke da mota a gareji yana leƙa jerin yana ƙirga: saura gurbi nawa kafin layi ya zo kaina? In jerin ya kwana bai motsa ba, shi ma bai runtsa ba. Matarsa tana jira ta ji ko za ta nemi hutu, surukinsa mai jan tirela yana jira, kuma kofin Wally da ake ba wanda ya ci a ajinsa iri ɗaya ne da wanda ake miƙa wa zakaran Top Fuel.

Abin da suke roƙo bai kai kuɗin kan inji ɗaya ba. A fito da jerin fuskar shafi, inda ido zai faɗa kansa kafin ya faɗa kan hula. A rubuta ranar da aka sabunta shi da awar, tunda agogo ba baƙonki ba ne. Wanda ya janye kada a share shi a ɓoye kamar bai taɓa rajista ba, a ja layi a kan sunansa kowa ya gani. A sa jimilla a saman kowane aji da manyan lambobi, ko da jimillar 14 ce. Mai wannan takarda yana zargin nan ne gizo ke saƙa, don ba mai shirya biki da ke son a ji tun da wuri cewa baƙi ba za su cika rumfa ba. Amma wanda ya yi tafiyar yini ya tarar da 14 ba tare da an faɗa masa ba, shi ne ba ya dawowa baɗi. Wanda aka faɗa wa kuwa ya zo da saninsa, ya sha hayaƙinsa, ya karɓi sa hannun direba a kan hular da ya saya a shafinki.

Wata baiwar Allah daga cikin masu aiken ta ƙara da cewa a duba girman rubutun, domin mijinta ya haura saba'in, kuma tabaraunsa na karatu kullum yana cikin ɗaya motar.

Wassalam.

Naki mai biyayya,
Wakilin 'yan kallo na benci na sama.