Zuwa ga Ɗiyar Gwaggo, Mai Gasa Tubali a Gandi

Ɗiyar Gwaggo, baiwar gidanmu,

Saƙonki ya iso Kano lafiya, kuma a duk kayan da ke cikin motar shi kaɗai ne bai ji jiki ba. Tumatirin wata baiwar Allah ya fashe tun kafin Gusau, buhun albasa ya yi gumi, fasinjoji sun sauko suna dafe da ƙugu, amma naki ko gezau. Direba ya ciro shi da hannu biyu, ya dire a gabana, ya tambaye ni ko ginin nawa ya kai linta. Na ce masa burodi ne, taubashiyata ce ta gasa da hannunta a Gandi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce Allah ya bar zumunci, amma kuɗin kaya sai na cika.

Guda biyu na tarar. Na farko na sa masa wuƙa, wuƙar ta nemi gafara. Yara suka jiƙa shi a shayi, shayin ya huce shi bai san ana yi ba. Ƙaramin cikinsu, wanda ya gado bakin dangin uwarki, ya ce a kai shi madatsar Goronyo. Na ce masa an gina ta don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, amma ban ga alamar zai ishi wannan ba, kuma manoman rani na Wurno ba su yi mana laifin da za mu shanye musu Gulbin Rima ba. Da maginan ganuwar Wurno sun sami irin wannan a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da yau ba a nuna wa baƙo inda ganuwa ta taɓa tsayawa, da ita kanta za a nuna masa. Na biyun kuwa, wanda kika ɗaure cikin leda har ƙulli uku kamar kuɗin adashe, da laushinsa ya zo. Sai dai ya tsirar da gemu a hanya, kore da fari, gwanin kwarjini. Na kusa gaishe shi.

Da na kira ki ba ki bari na gama sallama ba. "Mi kas sani ga burodi? Wallahi sa'ad da nig gasa shi awa auduga shike. Kwana ukku na aje shi cikin firij don kar shi lalace kahin a samu mai tahiya." To, ai kin kai kanki ƙara kin kuma yanke wa kanki hukunci. Ban musa miki audugar ba. Na san hannunki a kan funkaso da alkubus, ko da yake ba zan maimaita wannan a gaban shaidu ba. Ba gashin ne ya kashe burodinki ba, ajiya ce. Tun ranar da maigidanki ya kawo firij mai aiki da hasken rana kika ɗauke shi asibitin kowace cuta. Na ji har daddawa da kanwa sun taɓa kwana a ciki.

Bari ubangidanki ya koya miki, kyauta, tunda ke ba ki da abin biya.

Kin san tuwon shinkafar da ake kwashewa da dare, mai laushin da yaro ke yanka da yatsa biyu. Wayewar gari ya zama me? Ya daskare, ya yi tauri, ko da kuwa a rufe ya kwana cikin kwano da murfi. Kin kuma san wanda ya kwana a sanyin hunturu ya fi na bazara ƙanƙamewa. Ba bushewa ya yi ba. Sitacin da ke cikin hatsi ne, wanda wuta da ruwa suka kumbura shi ya saki jiki, yake komawa ya jeru ya matse da zarar ya huce, yana fitar da ruwan da ya sha. Abin da ke samun tuwo shi ke samun burodi, domin alkama ma hatsi ce, ba daga sama ta faɗo ba. Wannan matsewar kuwa ba inda ta fi sauri kamar a sanyin da ya kusa ƙanƙara bai kai ba, wato daidai sanyin firij ɗinki. Kin tsere wa hunhuna kin kai shi inda zai tsufa da wuri. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wani masanin Faransa, Busango, ya gwada abin tun 1852. Ya rufe burodi ruf yadda ko ɗigon ruwa ba zai fita ba, burodin ya yi tauri duk da haka. Ya mayar da shi wuta, laushi ya dawo. Aka rubuta, aka buga, sunansa ya shiga littafi. Gwaggo kuwa, wadda ba ta taɓa jin sunan Faransa ba sai a bakin 'yan Maraɗi, ta yi shekaru kowace safiya tana yin wannan gwajin a murhu, ta kira shi ɗumame, ba wanda ya ba ta ko lambar yabo. Ke da kika tashi kina kankare tukunyarta ya kamata ki fi kowa sani. Burodin jiya, a yayyafa masa ruwa kaɗan, a mayar da shi tanda ko a ɗora a madambaci ya sha tururi. Da zafi ya ratsa cikinsa ya kai wajen digiri 60, sai ya dawo kamar na yau. Amma a ci shi nan take. In ya sake hucewa ya fi da tauri, kuma ba a ɗumama ɗumame sau uku a ce ana cin tuwo.

Za ki ce ai akwai ɓangaren ƙanƙara. Gaskiya ne, can ne kaɗai sanyi ke yi wa burodi rana: in ya daskare sarai, tsufan ya tsaya cak, hunhuna ma ba ta motsi. A yanka shi, a ɗaure, a riƙa ciro na ci ɗaya. Sharaɗin shi ne ya zauna a daskare. Naki fa? Rana ta faɗi batir ya fara hamma, hadari ya haɗu kwana biyu komai ya narke, ga ƙullin zoɓo da kunun aya na sayarwa ana buɗewa sau hamsin kafin azahar. Burodin da ya daskare ya narke, ya daskare ya narke, jiƙaƙƙen tsumma ne kawai.

Mu dawo kan mai gemu. Na san yadda aka yi ba sai kin faɗa ba. Direba na danna ham a ƙofar gida, kika ciro shi daga tanda da zafinsa kika jefa a leda. Burodi mai zafi numfashi yake, tururi na fita daga cikinsa, yana bukatar kamar awa biyu a kan faifai ko raga kafin ya gama. In an toshe shi, tururin ya koma gumi a jikin leda, gumin ya koma jikin burodi, ga zafin mota, ga damina. Hunhuna ba ta neman gayyatar da ta wuce wannan. Kuma ina roƙonki, wannan ba da wasa ba: kada ki yanke wurin koren ki ba yara sauran. Abin da ido ke gani furen ne kawai, saiwoyin sun riga sun ratsa cikin laushin. Wanda ya yi hunhuna ya tafi juji gaba ɗayansa.

Abin da ke rikita ku masu koyon gashi a waya shi ne, mai koyarwar tana wata ƙasa, ku kuna gabashin Sakkwato, inda shekara ke da fuska biyu. Da hunturu iska ce ɓarauniya. Ki bar burodi a buɗe daga hantsi zuwa la'asar, ta tsotse shi kamar yadda take tsotse leɓe da diddige. A lokacin, bayan ya huce sarai, a naɗe shi da tsumma mai tsabta a sa a kwano mai murfi, ko ma ledar taki, ba laifi. Da damina kuwa, daga Yuli zuwa Satumba, laima ce abokiyar gaba. Tsumma kaɗai, a cikin ƙwarya, a rufe da faifai yadda iska za ta riƙa shiga, a ɗora a maratayi inda ɓera da kiyashi ba sa kaiwa. Kada a yanka shi duka, a yanki na ci a kifa bakin yankan a ƙasa, ɓawon ya zama rigarsa. Ko an yi duk wannan, kwana biyu ne, in ya yi kirki uku. Ƙwarya da faifai da maratayi, Ɗiyar Gwaggo. Duk suna ɗakin uwarki, kin wuce su kin je kin rungumi firij.

Na ji kina gunaguni cewa na mai shayi yana kwana huɗu da laushinsa. Ƙwarai. Gidan burodi na zuba sukari da mai da yawa, su ne ke jinkirta taurin, da yawansu kuma suna ƙara sinadarin hana hunhuna. Naki ba shi da ko ɗaya, gari ne da ruwa da yis da gishiri da kyakkyawar niyya, shi ya sa ajalinsa gajere. Ba abin kunya ba ne. Akwai ma wani sinadarin, buromet, da wasu ke sawa don burodi ya kumbura ya cika ido, wanda hukumar NAFDAC ta haramta tun zamanin Dora Akunyili saboda illarsa ga lafiya. A kan wannan kam, duk kotun da aka kai ki ni ne shaidarki. Wanda ya ga burodinki ya san ba abin da ya taɓa kumbura shi.

In kina son ƙarin kwana ba tare da sinadari ba, dabarar na cikin ƙullun masarki. Kwaɓin da ya kwana ya yi tsami ya fi jure hunhuna, domin ba ta son tsami. Ki rage yis ɗin kanti, ki bar kwaɓi ya tashi a hankali. Ki kuma kula da garin. Alkamar fadamar Wurno da kike alfahari da ita, wadda ake shukawa da shigowar sanyi a girbe kafin zafin bazara, in an kai ta inji da dusarta da ƙwayarta akwai ɗan mai a ciki, kuma man nan yana ɗaukar wari in gari ya daɗe a zafi. Ki niƙa na mako, ba na wata ba. Tsofaffi sun ga yadda aka yi da alkamar gida lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da ta waje a 1987, ki tambayi Gwaggo, in ta ga dama ta ba ki labari.

Nan Kano, matan Jakara da suka gaji gurasa ba su taɓa zama yin shawarar ajiya ba. Ana lailaya ta a manna a tanderu, ta fito ta shiga kwando, kafin dare ta ƙare. Wadda ta kwana ta yi tauri a tsoma ta a ruwan ɗumi, a barbaɗa garin ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa, ga bandashe. Faransawa ma nasu na jiya suke jiƙawa a madara da ƙwai su soya, suna kiransa ɓataccen burodi. Kowa ya san abin nan ba ya jira, sai ke. Wa kike tara wa ne? Gandi ce fa. Tun da mutanen Tabanni da ƙauyukan kewaye suka kwararo garin gudun hijira a 2018, ke da bakinki kika gaya mini tukunyar Gwaggo ba ta ƙara ganin ɗumame ba, domin ba abin da ke kwana. Gashi huɗu kike yi, gidanki na cin biyu. Ban ce komai ba, na dai ƙirga.

In kuwa dole sai kin aika wa na nesa, to ki kashe shi da kanki kafin hanya ta kashe shi. Ki yanka shi sirara, ki jera a tanda bayan wuta ta mutu saura ɗumi, ya bushe ƙarau har ya riƙa ƙara a haƙori. Ki zuba a gwangwani mai murfi. Wannan yana makonni, kuma da ya ga shayi yake sallamawa, ba irin na wajenki mai taurin kai ba. Bambancin busasshe da tsohon burodi ke nan: ɗaya an cire masa ruwa da gangan, ɗayan ya riƙe ruwansa ya ƙi bayarwa, halin wasu da na sani.

Ban ƙirƙiro wannan ba, a cikin jakarki na gani. Can ƙasa, ƙarƙashin tubalin da mai gemu, akwai wani ƙullin tsumma da ba ki ambata a waya ba, na san kuma ba ke kika sa ba. Ƙanzo ne, na Gwaggo, wanda ta kankare ta shanya tun ban san yaushe ba. Ko ƙura bai canza ba. Daren nan aka jiƙa shi, aka yi ɗatu da ƙuli da tumatir da albasa, yara suka sid da kwanon, har maƙwabcina Bakano ya aiko a ƙara masa yana tambaya ko daga wane otal ne. Ki gaishe ta, ki ce ɗan ƙanenta ya gode, kuma a turo wani.

Batun kuɗin shara da kika fara tuna mini tun watan cika-ciki bai kama ba, na riga na tanada. Na naɗe shi da kyau, zan ba direban nan ya kawo miki. Kilo ɗaya da wani abu ne, za ki gane shi da kin gani, har da shaidar wuƙata a gefensa. Kuɗin kaya kuma a wajenki zai karɓa.

Ubangidanki na Kano.