Araha Ba Ta Ado? To, Matso Ka Saurara

Na san abin da za ku ce tun ba ku buɗe baki ba: araha ba ta ado. Kashi biyu ne ku. Akwai su Baba, masu cewa duk abin da ya fito daga kwamfuta ƙarar inji ce, ba kiɗa ba. Akwai kuma samarin situdiyo na Birnin Kebbi, masu rantsuwa cewa in babu filogin (manhajar kiɗa) mai tsada irin Omnisphere ko Nexus, waƙa ba ta tashi. Da samarin zan fara, don sun fi ban dariya.

Ɗan uwa, Omnisphere kusan dala 500 ake sayar da shi, sautukansa kuma sun kai gigabayit 64. Kai kuwa kwamfutarka 'yar gwanjo ce, da ka loda mata abu biyu sai fankarta ta kama kuka kamar injin niƙa. Tsakaninka da Allah, saye ka yi? Ko dai abokinka ne ya zuba maka fasasshe a filashi, aka haɗa maka da bairos a matsayin gyara? Irin wannan ba ya sandarewa sai daren da dangin amarya suka zo karɓar waƙarsu.

Kuma me kake bugawa da shi? Waƙar biki, tallar shinkafa a rediyo, waƙar ɗan takarar kansila, wani lokaci ta walimar sauka. Duk abin da suke nema bai wuce fiyano, bas, sarewa, ganga da ɗan goge mai taushi daga baya ba. Waɗannan kuwa akwai filogin da ke ba da su kyauta, halal ɗinka, babu sata. Vital, wanda Matt Tytel ya fitar a 2020, yana da na kyauta, kuma injin sautinsa ɗaya ne da na kuɗin. Yawan sautukan da aka riga aka shirya ne ya bambanta su. Surge da can sayar da shi ake yi, a 2018 mai shi ya sake shi ga kowa, yanzu Surge XT ake kiransa. Dexed yana kwaikwayon Yamaha DX7 na 1983, fiyanon nan mai ƙarar ƙararrawa da ya cika waƙoƙin duniya a shekarun 1980, kuma ɗan data kaɗan ya isa ka sauke shi. Shi kansa FL Studio da kake buɗewa kullum yana zuwa da FLEX da 3xOsc. Yaushe rabonka da ka leƙa su? Ka raina su ne kawai don a gida ka same su.

Za ka ce ai kunne yana bambancewa. Kunnen wa? Waƙar nan a waya za a ji ta, bayan WhatsApp ya matse ta, ko a lasifikar ɗan kabu-kabu, ko a wurin biki janareta na ruri a gefe. Mu je Argungu ranar kasuwa, mu kunna wa mutane fiyano biyu, na dala 500 da na kyauta. In aka sami mai nuna na tsadan sau uku a jere, kifin rana a wuyana. Abin da ke ɓata muku waƙa ba arahar filogin ba ce. Bas ne ke danne murya, ga otocun an zuba har mawaƙi ya koma aljani.

Baba, na ga kana murmushi, kana jin na rama maka. Dakata, ranka ya daɗe. Waƙoƙin finafinan Kano na ƙarshen shekarun 1990, da fiyanon Yamaha aka buga su, ba da makaɗa goma ba. A bikin 'yarka su aka sa, kuma an ga ƙafarka tana motsi a ƙarƙashin babbar riga. Filogin shi ne wannan fiyanon, an cire masa akwati an sa shi cikin kwamfuta. Kamfanin Steinberg na Jamus ne ya kawo tsarin filogin na VST a 1996, daga nan kowa ya sami hanyar ƙera nasa.

Amma akwai inda ka yi gaskiya, kuma nan ne samarin suke sunkuyar da kai. Kalangu. Duk kuɗin da za ka kashe, babu filogin da zai ba ka kalangun da ke magana. Makaɗi yana matse tsarkiya da hammata yana saki, sautin ya hau ya sauka yana bin karin harshen Hausa, har mai saurare ya tsinci kirarinsa a ciki. Abin da ake sayarwa da sunan gangar Afirka galibi bugu ne ɗaiɗai, a sandare, ka danna ya ce "tum" ya yi shiru. Wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, bikin da aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ya ji makaɗa cikin kwalekwale suna zuga masu homa da gora, ba zai yarda da wannan "tum" ba. Haka wanda ya tashi da kaset ɗin Gambu na Fagada ko na Sani Aliyu Ɗandawo.

To, kuɗin da ka tara don filogin mai tsada, raba shi. Ɗauko makaɗin unguwarku, ka biya shi hakkinsa da daraja, ka faɗa masa a fili cewa za ka riƙa amfani da bugun a waƙoƙi. Rufe ɗaki, kashe fanka, ya buga maka a sake, a matse, da ƙarfi, a hankali, da 'yan jimloli cikakku. Ka yanka su ka jera a samfular FL Studio ko a Decent Sampler, shi ma kyauta ne. Ka sami abin da babu shi a Landan ko Balin. Ragowar kuɗin kuma ka sayi hedifon na kirki, don wannan da ke wuyanka kunne ɗaya yake yi, na lura tun ɗazu.