Yadda Za Ka Zaɓi Tabarau Ba Tare da Ka Zama Abin Hira a Majalisa Ba

Da mutum ya haura shekara 40 sai hannunsa ya fara gajarta. Ya ɗauko waya zai duba saƙo, ya miƙa ta nesa, ya ƙanƙance ido, ya ɗora wa masu waya laifin ƙananan rubutu. Hannu dai lafiyarsa ƙalau, madubin cikin ido ne ya fara tauri, ba ya iya tattaro abin da ke kusa. Sai tabarau. To amma daga Ikara zuwa Hunkuyi an sha ɗaura auren dole tsakanin fuska da firam, don haka ga shawara kyauta.

Da farko, san fuskarka. Kada ka tambayi mai sayarwa. Mai tallan gilashi a kasuwar Makarfi bai taɓa ganin fuskar da hajarsa ba ta karɓa ba. Ko wanne ka ɗora zai ce, “Alhaji, ai kamar don kai aka ƙera shi!” Tafi da taubashinka ko jikanka, su ne ba sa ɓoye gaskiya.

Dokar guda ce: firam ya saɓa wa fuska. In Allah ya hore maka kumatu, fuska ta cika ta zagaye kamar tumatirin Ikara, nemi mai kusurwa huɗu. Bar wa Gandhi ɗan zagayayyen nan nasa, shi azumi ya ramar da shi. In muƙamuƙinka faffaɗa ne, irin wanda shan rake tun ƙuruciya ya gina, kai ne mai zagayayye, zai sassauta maka fuska har yara su daina gudu. Mai doguwar fuska ya nemi gilashi mai zurfi daga sama zuwa ƙasa, ya kuma rage tsayin hula, domin zanna-bukar ma ana lissafa ta. Mai faɗin goshi da siririyar haɓa ya ɗauki marar nauyi, wanda samansa ba kauri. Wanda fuskarsa ta daidaita kuwa, kowanne ya yi masa. Ya gode wa Allah, ya yi mana shiru.

Duba cikin hannun tabaran, za ka ga lambobi irin 52, 18, 140. Ba lambar wayar kamfani ba ce. Faɗin gilashi ne, da tazarar karan hanci, da tsawon hannu, duk da milimita. Ta tsakiyar ita ce mai rigima: in ta fi hancinka faɗi, za ka wuni kana tura tabarau sama da ɗan yatsa. Wanda karan hancinsa bai tashi sosai ba ya nemi mai ’yan matasai biyu da ake lanƙwasawa.

Kafin ka biya, yi gwaji uku. Sunkuya kamar za ka yi ruku’u. In ya riga ka sujada, mayar. Gatsa rake gaɓa guda. In yana rawa da motsin kumatu, ya zauna inda bai kamata ba. Sannan kafa hularka yadda ka saba. Hajiya, ke ma ɗaura ɗankwalinki ki sa hijabi ki gwada, don hannun da ya matse bayan kunne kafin azahar ya zama ciwon kai.

Baƙin gilashi kuma a yi hattara. Janar Sani Abacha ya sa shi daga 1993 zuwa 1998 ba wanda ya tanka, amma shi yana da sojoji. Kai in ka je gaida surukinka da shi, sai an kai ga dattawa. Ɗan acaɓa yana da uzurin ƙurar hunturu, sai dai ya nemi mai tare hasken rana na gaske, irin da ake rubuta wa UV400. Baƙin da ba shi da wannan kariya buɗe ƙwayar ido yake yi, hasken mai cutarwa ya shiga a wadace.

Saura babbar magana. Gilashin karatu na kan faifai, daga +1.00 zuwa +3.00, ƙarfinsa ɗaya ne dama da hagu, idanun mutane da yawa kuwa ba tagwaye ba ne. Na maƙwabci ma ba a aro, ba buta ba ce. Hau mota zuwa asibitin koyarwa na Shika, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, a auna ka, a kuma duba hawan jinin ido, wanda ke cin gani ba ciwo ba sallama. Wajen zaɓen firam, tuna cewa na gwaji ba magani a cikinsa, wato mai zaɓen ba ya gani. Sa a ɗauke ka hoto, ka duba da tsohon gilashinka.

Gargaɗin ƙarshe: ranar da ka sa na gaskiya za ka ga furfurarka ɗaya bayan ɗaya, ka kuma karanta sunanka raɗau a littafin bashin mai shago. Wannan kam babu firam ɗin da ke gyara shi.