Mai Sarewar da Ba Ya Numfashi

Sabon mai haɗa kiɗa a kwamfuta ba shi da tausayi. Zai sauke BBC Symphony Orchestra Discover na kamfanin Spitfire Audio kyauta, ƙwararrun makaɗa da aka naɗi sautinsu a sutudiyon Maida Vale da ke Landan, sannan ya sa mai sarewa ya ja sauti ɗaya har daƙiƙa arba'in ba tsayawa. Da mai huhu ne, da tuni ana yayyafa masa ruwa.

Sai ya danna maɓallin daidaita bugu, masu goge duka su faɗo a lokaci guda cif-cif, abin da ko a mafarki ba sa yi. Ma'aunin ƙarfin sauti na MIDI daga 0 zuwa 127 yake, amma gogan naka 127 ce ta kwanta masa, kowane sauti ita ya ba shi. Abin da ke fitowa tat-tat-tat ne, kamar keken tela a jajibirin salla.

Gyaran ma abin dariya ne. Ka sayi na'ura don ba ta kuskure, ga ka zaune cikin dare kana koya mata kuskure: wannan ya ɗan makara, wancan ya ɗan yi gaggawa. Ka bar giɓi a shaƙi iska. Ka riƙa murza CC1, abin daidaita ƙarfi, sauti ya kumbura ya lafa, domin hannun mai goge ba ya tafiya da ƙarfi ɗaya.

Gogan namu dai gajeriyar hanya yake so. Ya kwarara amsa-kuwwa har komai ya nutse, ya tura wa abokai, ya ce laifin lasifikar wayarsu ne.