Likitocin Kwamfuta a Bolori

A wani shagon buga takardu da ke unguwar Bolori, kusa da titin Baga, akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur 'yar Beljiyam mai halin jakin gayya. Ran da ta ga dama ta tashi, ran da ba ta ga dama ba fankarta ta yi ta gurnani, allo baƙi ƙirin. Duk safiyar da ta yi gardama, shagon kan cika da likitoci, ko ɗaya kuwa ba a aika a kira ba.

Sarkin Duka ne ke fara isowa. A iliminsa, rediyo da janareto da yaro mai ƙiriniya duk maganinsu ɗaya. Sai ya kai wa akwatin mari a kwiɓi, ya ja da baya, ya harɗe hannu. Abin haushin, wata rana takan tashi, domin marin kan mayar da sandar RAM da ta yi sako-sako a gurbinta. Ranar kuwa har mai shayi sai ya ji labari.

Sai mai ƙarar NEPA. Tun 2005 aka binne sunan nan, yanzu ma kamfanin Yola ne ke raba mana wuta, amma a bakinsa NEPA ce har gobe. Ba na ganin laifinsa sosai. Wanda ya ga yadda aka kayar da turakun wuta na hanyar Damaturu a Janairun 2021, gari ya kwashe wata da watanni cikin duhu, dole ya riƙa kallon soket da zargi. Kuma rabin maganarsa gaskiya ce: wutar da ya kamata ta kai bolt 220 ta zo a rame, ko ta ƙaramin janareto mai tari, takan cinye akwatin wutar kwamfuta a hankali. Inda ya ɓata rawarsa da tsalle shi ne, ko ɓeran kwamfutar ne ya faɗi ƙasa, NEPA ce.

Ɗan Fomatin ya fi kowa haɗari, don shi yana da guntun ilimi. "Oga, bairos ne, a yi mata fomatin kawai." Kwamfutar da ko tambarin HP ba ta nuna ba, ta wace ƙofa za a shiga? Da za a biye masa, da kundin kammala karatun ɗalibai goma na Ramat Foli da jami'a ya tafi a banza.

Akwai kuma Baba mai cewa wannan ba ciwon asibiti ba ne, yana satar kallon shagon da ke tsallaken layi. Yakan sunkuya ya yi tofi ta ramukan iska, ƙurar hunturu biyu ta taso ta shaƙe shi. A cikinsu duka shi ya fi kusa da cutar, ko da yake bai sani ba. Ƙurar nan ce ke toshe fanka, idan zafin Afrilu ya haura digiri 40 na'urar ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Mai gaggawar buga takardar JAMB ba ya ba da fatawa, sai dai danna maɓallin kunnawa sau bakwai a minti ɗaya. Alhaji kuwa cewa yake a jefar a sayo laftof, alhali kuɗin fotokwafinsa na bara na nan a littafin bashi.

Duk wannan hayaniya, yarinyar da ke buga rubutu a shagon ba ta ce uffan ba. Ita ta lura cewa ko ran da kwamfutar ta tashi, sai ta nemi a danna F1, kwanan watanta kuma ya koma shekarun baya. Ta zare waya daga bango, ta kwance murfi, ta kaɗe ƙura da burushi, ta goge bakin RAM da kilinar fensir ta mayar har ya ce ƙas. Sannan ta ciro ɗan batirin nan mai kama da sulai, CR2032, ta aiki ƙanenta wurin mai gyaran agogo ya sayo sabo.

Kwamfuta ta yi ƙara ɗaya, ta tashi. Baba ya shafa addu'a, mai ƙarar NEPA ya ce wuta ce ta ƙaru, Sarkin Duka ya ce sai yanzu marinsa ya ratsa ta. Yarinyar ta zauna ta buga wa mai JAMB takardarsa.