Yadda Ake Auna Ƙwazon Gandun Roba Na Gwamnati

Abu na farko da mai awo zai tanada shi ne haƙuri. Itacen roba sai ya shekara 6 ko 7 kafin a fara tsaga shi, lokacin an daɗe da yi wa manajan da ya dasa shi canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ne ke karɓar lambar yabo, haka tsarin yake.

Awon kansa ba wuya. A gefe guda a jera abin da gandu ya ci: hekta, taki, ma'aikata, man mota. A ɗaya gefen, kilo nawa na busasshiyar roba ya fitar. Busasshiya ake ɗora wa sikeli, domin madarar da ke ɗiga cikin ɗan kofin da aka ɗaura wa itacen wajen kashi biyu cikin uku ruwa ce, kuma akwai bayin Allah da ke ganin ruwan ya yi kaɗan, su cikasa a hanya.

Mai tsaga kan fita tun da asuba da fitila a goshi, ya fere siririn ɓawo a karkace, ya wuce itace na gaba kafin rana ta ɗaga madarar ta tsaya. In sama ta zubo, aikin ranar ya tashi. Shi ya sa babu ma'aikacin da ya kai ruwan sama yawan fitowa a rahoton shekara, kuma bai taɓa musanta laifi ba.

Sai dabarar masana, wadda Michael Farrell ya aza harsashinta a Ingila a 1957, Charnes da Cooper da Rhodes suka faɗaɗa ta a Amurka a 1978. Ba a tambayar abin da gandu zai iya yi. Da 'yan uwansa ake gwada shi. Wanda ya fi ya sami maki 1, saura su biyo a ƙasa. Dabarar ta dace da masu gandaye birjik, irin gwamnatin Biyetnam ko kamfanin CDC na gwamnatin Kamaru da aka kafa a 1947. Kyawunta shi ne ba a rasa zakara. Ko duk gandayen barci suke yi, wanda munsharinsa ya fi sauƙi zai tashi da ɗari bisa ɗari, a buga a jarida.

Don haka in an naɗa ka manaja, kada ka wahal da itatuwa. Ka je ofishin masu awo da wuri, ka ga da wa za a haɗa ka.