Abin da Ba a Koya wa Kurtu a Zariya

Wata shida kurtu yake yi a Daffon Sojoji na Zariya, wanda ake horar da sababbin sojojin ƙasa a cikinsa tun 1924. Ranar farko a yi masa aski ƙwal-kwabo, daga nan sai gudun asuba, fareti, tsallen kwaɗo, da tsawar wani saje da ko gaisuwa zai amsa sai ka rantse faɗa yake. A koya masa kwance bindiga da ɗaura ta, da goge takalmi har ya ga fuskarsa a jiki.

To, sai a turo shi Faskari, inda rundunar soja ta ƙaddamar da shirin Sahel Sanity a Yulin 2020. Takalmin nan da ya sha gogewa, laka ɗaya ta hanyar Sabuwa da damina ta ishe shi. An kuma hore shi da tafiyar ƙafa, ga shi 'yan bindigar da yake nema a daji su uku-uku suke hawa babur.

Sauran karatun a shingen bincike ake yin sa. Yaron da ya zo daga Kudu, bai san ko "zo in kashe ka" ba, cikin wata biyu za ka ji yana ciniki da mai shayi a Ƙanƙara, yana cewa madarar ta yi kaɗan. Manoma kuwa sun fi hedikwatar tsaro saurin ƙarin girma: duk mai kaki, ko igiya ɗaya ba shi da ita, "ranka ya daɗe, Kyaftin" ne. Har yau dai ban ga wanda ya tsaya gyara musu ba.